Ƙarfin Sojan Sama a Ƙasa Yake: Sharhi Kan Rundunar Sojin Saman Najeriya

Duk wanda ya zauna a Mando ko Kawo cikin Kaduna ya san ƙarar nan ta safe. Ƙaramin jirgi ne mai farfela ɗaya. Zai tashi ya kewayo, ya sauko kamar zai zauna, tayoyinsa su ɗan taɓa titi, sai ya sake ɗagawa, haka zai yi ta yi har rana ta take. Ɗalibi ne a ciki da malaminsa a gefe ana koya masa sauka, domin a tuƙin jirgi sauka ta fi tashi wuya. Abin da ba a hangowa daga bayan katangar bariki shi ne aikin da aka yi tun da asuba. Wani makaniki ya zagaye jirgin nan da tocila, ya duba tayoyi, ya tsiyayi ɗan mai a kwalba ya ɗaga shi ga haske ya ga ko ruwa ya shiga, ya cire jajayen ƙyallayen da ke rataye a kafofin da aka toshe da dare, sannan ya sa hannu a takarda cewa jirgi lafiya lau. In bai sa hannun nan ba, ko wane ne matuƙin, babu inda za shi.

Da wannan makaniki nake so a fara duk wata magana kan Rundunar Sojin Saman Najeriya. Mun saba auna ta da abin da ke shawagi ranar fareti, ko da labarin an sayo sababbin jirage. Amma in ka bi tarihinta na shekara 60 da ɗoriya, ka dubi yadda aka tsara ta da wuraren da aka kafa sansanoninta, za ka ga duk lokacin da ta yi ƙarfi daga ƙasa ƙarfin ya fito, duk lokacin da ta durƙushe ma a ƙasa aka kayar da ita. Wanda ya taɓa ajiye doki ya san kuɗin sayensa ne mafi sauƙi. Harawa da dusa da kanwa da ɗan barga, su ne rigimar kullum.

Arewacin ƙasar nan ya san jirgin soja tun kafin a yi rundunar. A 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, ta ruwa ake kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan zuwa fagen daga a Masar. Sai dai jiragen na Turawa ne, matuƙan ma nasu ne.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka ga giɓin. Najeriya ta tura sojoji Kongo ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a jiragen wasu ƙasashe aka kwashe su, a jiragen wasu ake kai musu kaya. Ƙasar da ke ganin kanta babbar yayar Afirka ba ta da hanyar kai ɗanta inda ta aike shi. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Muhammadu Ribaɗu a matsayin ministan tsaro, ta yanke shawarar kafa sojan sama. Wanda zai koyar shi ne abin dubawa. Da an bi al'ada Ingila za a nufa, to amma yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da ita ta jawo zanga-zangar ɗalibai da hayaniyar 'yan adawa, har aka soke ta a farkon 1962. Don haka aka rarraba ƙafa. Kuratan farko guda 10 Habasha aka tura su a 1962, wasu 16 suka tafi Kanada a 1963, wasu kuma Indiya. Ginin rundunar kanta aka damƙa wa Jamus ta Yamma. A watan Afrilun 1964 majalisa ta yi dokar kafa ta, kuma shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig. Kaduna ce mahaifar, a nan aka fara koyon tuƙi da ƙananan jiragen Piaggio da Dornier, waɗanda na horo ne da ɗaukar saƙo, ba na faɗa ba.

Tsarin Jamusawa na bi-a-hankali ne, a gina mutane kafin a kawo manyan makamai. Ƙasar ba ta ba su wannan lokaci ba. Juyin mulkin Janairun 1966 ya zo, suka tattara nasu ya nasu, shugabanci ya koma hannun George Kurubo, sannan Shittu Alao, dukkansu hafsoshin da aka ɗauko daga sojan ƙasa. Runduna tana da shekara uku a duniya yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya. Ingila da Amurka suka ƙi sayar mata. Gwamnatin Yakubu Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet, a watan Agustan shekarar aka fara sauke jiragen MiG-17 a Kano, ga L-29 daga Chekoslobakiya, daga baya kuma jiragen jefa bama-bamai ƙirar Il-28 daga Masar. Jirage sun samu, matuƙa ne babu, sai aka yi hayar Misirawa da wasu Turawa.

Nan aka fara biyan farashin da har yau ba a gama biya ba. Matuƙin da bai san ƙasar ba, ba shi da taswira mai kyau, ba wanda ke masa jagora daga ƙasa, yana kuma gudun wutar da ake harbo masa, daga can nesa zai saki kayansa. Kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara sun sha wuta, kuma hotunan sun yi wa gwamnatin tarayya illa a idon duniya fiye da abin da bama-baman suka samo mata. A watan Yunin 1969 wani MiG ya harbo jirgin agaji na Red Cross, abin ya zama babbar rigimar diflomasiyya. A ɓangaren Biyafara kuwa, wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya zo da 'yan ƙananan jiragen horo guda biyar da aka ɗaura wa rokoki, a watan Mayun 1969 ya dira kan filayen Fatakwal da Binin da Inugu ya lalata jirage suna ajiye. A ƙasa ya same su, babu mai kare su. Shittu Alao kansa hatsarin jirgi ne ya yi ajalinsa a watan Oktoban shekarar, yaƙi bai ƙare ba.

Shekarun arzikin mai ne suka ba rundunar siffarta. A 1975 John Yisa-Doko, ɗan ƙasar Nufe, ɗaya daga cikin kuratan nan da aka tura Habasha, ya zama shugabanta na farko da a cikinta ya girma. A zamaninsa aka bar muƙaman sojan ƙasa aka ɗauki na sojan sama. Kuɗi na shigowa, aka shiga kasuwa: C-130 na dakon kaya daga Amurka, MiG-21 daga Sobiyet, Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, Jaguar guda 18 daga Ingila a 1984, MB-339 da G.222 daga Italiya, L-39 daga Chekoslobakiya, ga masu saukar ungulu daga Faransa da Jamus. A takarda, ƙalilan ne a Afirka ke da irin wannan tari.

Akwai hikima a rarraba saye, tunda yaƙin basasa ya koyar da cewa mai dogaro da kasuwa ɗaya ranar buƙata za a rufe masa ƙofa. Amma a je a tambayi duk mai kamfanin sufuri da ya haɗa mota iri bakwai a gareji ɗaya. Kowace da irin sifanarta, kowace da makanikinta, abin wannan ba ya shiga waccan. A jirgi abin ya fi haka tsanani, domin kowane ƙarfe da adadin sa'o'in da aka yanka masa, in sun cika dole a cire shi ko da ido na ganin lafiyarsa ƙalau. Injin Rasha da na Ingila ko ma'auninsu ba ɗaya ba ne, littafin gyaransu ba harshe ɗaya ba, makaniki kuma sai ya yi shekaru kafin a amince masa ya sa hannu kan iri ɗaya tak. Da farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran da ake saye da dala suka gagara. Jaguar ɗin nan da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu ba su yi shekara goma suna tashi ba aka jingine su a Makurɗi. MiG-21 ma suka bi sahu.

Siyasar bariki ta ƙara nata. A ƙarshen 1985 aka kama hafsoshi kan zargin juyin mulkin da aka danganta da Manjo Janar Mamman Vatsa, kuma cikin goma da aka harbe ranar 5 ga Maris 1986 huɗu 'yan sojan sama ne. Mulkin soja a Najeriya mulkin sojan ƙasa ne, kuma da yawa daga masu bin tarihin rundunar na ganin tun daga lokacin aka riƙa yi wa jirgin yaƙi kallon abin tsoro, aka rage masa mai da sa'o'in tashi. Matuƙi kuwa in ba ya tashi hannunsa mutuwa yake. Ranar 26 ga Satumba 1992 wani C-130 ya tashi daga Legas, injinansa suka mutu, ya faɗa fadamar Ejigbo bayan 'yan mintoci. Fiye da mutum 150 suka rasu, galibinsu matasan hafsoshi masu kwas a Jaji. Gidaje da yawa a ƙasar nan har gobe ba su manta da wannan rana ba. Sannan takunkumin da ƙasashen Yamma suka sa bayan soke zaɓen 1993, suka kuma tsananta shi bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, ya toshe ragowar hanyar kayan gyara.

Abin da ke ba ni sha'awa a wannan zamani shi ne Alpha Jet. Jirgin horo ne tun asali, mai sauƙin riƙo, amma shi ya ɗauki nauyin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya daga 1990 da Saliyo daga baya, shi aka kai Yamai a 2013 don yaƙin Mali, inda ɗaya ya faɗi a Dargol ta ƙasar Nijar da matuƙansa biyu, shi aka kai Dakar a 2017 lokacin taƙaddamar Gambiya. Manyan da aka saya don alfahari suna kwance, wanda makanikai suka iya riƙewa shi ya yi aiki.

Yadda rundunar take a tsare yau, daga waɗannan darussa ya fito. A sama akwai Babban Hafsan Sojin Sama, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, hedikwatarsa na Abuja, da ofisoshin tsare-tsare, horo da ayyuka, injiniyancin jirage, kayan aiki, sadarwa, lafiya da sauransu. A ƙarƙashinsa manyan sassa shida ne, kowanne da kwamandansa mai tauraro biyu. Sashen jiragen yaƙi yana Makurɗi, shi ne ƙashin baya. Na jigilar sojoji da kaya yana Yenagoa, ko da yake manyan jiragen dakon suna Ikeja da Ilori. Na kayan aiki da babban gyara yana Legas, kusa da tashar jiragen ruwa da babban filin jirgi inda kaya ke shigowa. Horo da a da sashe ɗaya ne, a 2017 aka raba shi biyu, horon tuƙi a Kaduna, horon ayyukan ƙasa a Inugu. Na shida, na ayyuka na musamman, yana Bauchi, kuma shi ne ɗan da yaƙin Boko Haram ya haifa. Ƙarƙashin kowane sashe akwai rukunoni masu lamba, su ne ainihin masu jirage: na 101 a Makurɗi, na 103 a Yola, na 105 a Maiduguri, makarantar tuƙi ta 401 a Kaduna, ta 403 a Kano inda ake koyon jirgin jet da L-39, ta 405 a Inugu ta masu saukar ungulu, da ta 407 a Kainji.

Mai karatu ya lura, uku daga cikin sassan shida ba don faɗa a fagen daga aka kafa su ba. Aikinsu koyarwa ne da gyara da tanadi. Haka ya kamata. Mutanen da ke shiga cikin jirgi ƙalilan ne a rundunar, sauran duk masu hidima ne ga wannan sa'a ɗaya ko biyu da zai yi a sama.

Akwai kuma wani zare da ba a cika bayyana wa jama'a ba, alhali shi ne mabuɗin fahimtar abubuwa da yawa. Sashe shi ke da jirgi da matuƙi, shi ke horar da su, amma ba shi ke cewa ga inda za a kai hari ba. A fagen daga rundunonin haɗin gwiwa ne ke aiki, irin su Haɗin Kai a arewa maso gabas, wadda a da ake kira Lafiya Dole, da Fansan Yamma a arewa maso yamma, wadda ta gaji Hadarin Daji. Kwamandan fage galibi janar ne na sojan ƙasa, sojan sama kuma reshe ne a ƙarƙashinsa. Buƙatar hari na iya tasowa daga sojan da ke ƙasa, ko daga jami'in leƙen asiri, ko daga rahoton wani mutumin gari, ta bi hannuwa da dama kafin ta isa kunnen matuƙi. Duk inda aka samu kuskure a wannan sarƙa, a bakin bam yake fitowa.

Taswirar sansanoni ita ma tarihi ce. Makurɗi tana tsakiyar ƙasa, tana kallon gabas wajen iyakar Kamaru, wuri ne da ya dace da rundunar da ke tunanin yaƙi da wata ƙasa. A nan ake ajiye F-7 na Sin da JF-17 guda uku da aka karɓa daga Pakistan a 2021, masu tare jirgin abokan gaba a sama. To amma yaƙin da ya zo wa Najeriya ba shi da jirage. Babura ne da motocin a-kori-kura a Sambisa da bakin Tafkin Chadi, daga baya kuma a dazukan Rugu da Kamuku da Kuyambana. Daga Makurɗi zuwa Maiduguri ya haura kilomita 600, zuwa Gusau ya haura 500. Kafin jirgi ya iso masu babura sun watse, in ma ya iso man da ya rage masa ba zai bar shi ya daɗe yana nema ba. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, shi ya sa rundunar ta yi ta matsowa arewa: Yola da Maiduguri suka zama fagen aiki na kullum, aka ƙarfafa Bauchi da Gombe, sannan aka kafa sansanoni na gaba a Katsina da Gusau da Sakkwato da Minna. Daga Katsina zuwa dazukan Zamfara tafiyar 'yan mintoci ce.

Matsowa kusa da wuta yana da nasa haɗari. Da asubahin 2 ga Disamba 2013 mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin Maiduguri, suka lalata masu saukar ungulu biyu da wasu tsofaffin jirage uku. Abin da von Rosen ya yi a 1969 ne aka maimaita, wannan karon da ƙafa. Bayan haka aka mai da hankali kan dakarun ƙasa na rundunar, masu gadin sansani da ceto matuƙin da ya faɗi, kuma zamanin Sadique Abubakar, wanda ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2021, an faɗaɗa su sosai. Sama ɗin ma ba ta zama mafaka ba. A Satumban 2014 Alpha Jet da ya tashi daga Yola bai dawo ba, matuƙinsa Chimda Hedima ya faɗa hannun 'yan Boko Haram suka kashe shi. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet ɗin a sararin Zamfara. Matuƙinsa Abayomi Dairo ya dirgo da laima, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin duhu da taimakon wayarsa har ya isa wurin sojoji. Shekarar 2021 ta yi wa rundunar nauyi, domin a cikinta wani jirginta ƙirar King Air ya faɗi a Abuja da mutum bakwai a Fabrairu, wani kuma ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu da Babban Hafsan Sojin Ƙasa Ibrahim Attahiru da mutum 10.

Labarin Super Tucano ya tattara kusan komai. Jirgi ne ƙirar Birazil mai farfela, bai kai jet gudu ba, amma yana daɗewa a sama, yana da kyamarar gani dare da rana, yana iya jefa bam mai bin saiti. Shi ya dace da irin wannan yaƙi. Najeriya ta nemi saye daga Amurka, sai dokokin Amurka kan haƙƙin ɗan Adam suka shiga tsakani, kamar yadda a 2014 ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya masu saukar ungulu ƙirar Cobra. Sai a 2017 aka amince, a 2018 aka biya dala miliyan 496 daga asusun rarar mai, abin da ya jawo cece-kuce a majalisa, jirage 12 kuma ba su iso ba sai 2021. Shekaru nawa ke nan mutanen Borno na jira? Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da aka yi daidai a wannan ciniki shi ne bai tsaya kan jirage ba, ya haɗa da horon matuƙa da makanikai, da gina rumfuna da ma'ajiyar makamai a Kainji. Kainji kuwa kusan kilomita 1,000 take daga Maiduguri, don haka can ce gida da wurin gyara, aiki sai an kai su sansanonin gaba.

Yanzu ga magana mafi ɗaci, wadda ba zan iya tsallakewa ba. A yi tunanin allon da ke gaban mai sarrafa kyamara. Hoto ne baƙi da fari, daga nisan dubban ƙafa. Ga babura wajen talatin a gindin wata bishiya, ga mutane na kai da kawo, wasu da abu mai tsawo a kafaɗa. Bindiga ce ko sandar kiwo? 'Yan fashin daji ne, ko 'yan sa-kai da suka fito bin sawunsu, ko masu dawowa daga cin kasuwa? In hunturu ne ga hazo, in damina ce ga duhuwar ganye. Kyamara ba ta jin Hausa ko Fulatanci, ba ta san yau kasuwar wane gari ke ci ba. Wanda ya san wannan yana ƙasa.

Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin rundunar ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, cikin Kala Balge ta jihar Borno. Fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Bayanin da hedikwatar tsaro ta bayar daga baya shi ne ba a nuna sansanin a taswirar aiki ba. A tsaya a kan wannan. Jirgi ya tashi lafiya, matuƙi ya sami inda aka saita masa, bam ya fashe yadda aka ƙera shi. Alama ɗaya da ba a yi a takarda ba ce ta kashe mutanen da suka riga suka rasa gidajensu. A Fabrairun 2022 gwamnan Maraɗi ya ce harin jirgin Najeriya ya kashe yara bakwai a ƙauyen Nachade da ke bakin iyaka cikin Nijar. A Janairun 2023 makiyaya kusan 40 suka mutu a yankin Doma na jihar Nasarawa. An sake jin irin wannan kuka daga Silame ta jihar Sakkwato a Disamban 2024, da Zamfara a farkon 2025, inda 'yan sa-kai ne abin ya rutsa da su. Tudun Biri ta jihar Kaduna kuwa, inda aka binne aƙalla mutum 85 masu taron Mauludi a Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ne ya yi ɓarnar, ba na sojan sama ba. Adalci ne a faɗi haka, amma abin da ya fallasa ya fi muni: runduna biyu na shawagi da makamai a sararin samaniya ɗaya, mutumin ƙauye kuma ba ruwansa da launin kakin wanda ya danna.

Ba na cikin masu cewa a sauke jirage. Na san garuruwan da ƙarar jirgi ce kawai ke sa 'yan bindiga janyewa, kuma sojoji da dama da aka yi wa ƙawanya a arewa maso gabas jirgi ne ya fitar da su. Matasan da ke tuƙa waɗannan jirage ransu suke sayarwa, cikinsu har da mata irin su Blessing Liman da ta buɗe hanya a 2011, da Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile da aka liƙa wa fukafukai, alamar zama cikakkun matuƙa, a 2019. Saboda darajar aikinsu ne ma ya kamata a ba su bayani mai inganci. Hari ɗaya da ya faɗa kan masu biki yana rufe bakin garuruwa goma da a da suke kawo rahoto, daga nan rundunar ta ƙara makancewa, kuskure na gaba ya ƙara kusantowa. In ba a tabbatar ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma ƙaddara ta faɗa, a fito da rahoton bincike a fili, a faɗi inda sarƙar ta tsinke, a biya diyya hannu da hannu, kada iyalai su yi ta bin ofisoshi.

Akwai abin da ke sa ni kyautata zato, kuma shi ma a ƙasa yake. A shekarun 1990 an harhaɗa jiragen horo ƙirar Air Beetle a Kaduna. Cibiyar fasaha ta rundunar da ke Kaduna yanzu digiri take bayarwa a injiniyancin jirage, fararen hula ma na shiga. Daga injiniyoyin rundunar jirage marasa matuƙa suka fito, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, sunaye na Hausa da suka dace da aikin, tunda aikinsu su gano su kawo labari. Ba su kai na Sin da ake saya ba tukuna, amma wanda ya ƙera abu da hannunsa ba ya jiran izinin kowa kafin ya gyara shi. A 2019 kuma an yi wa C-130 babban gyaran da a da sai an kai shi waje, a nan Ikeja, da taimakon ƙwararru daga ƙetare, makanikan gida na aiki tare da su suna koyo.

Sababbin kaya na tafe. Masu saukar ungulu T-129 daga Turkiyya sun fara isowa a 2023, an ƙulla cinikin M-346 guda 24 da Italiya don su gaji Alpha Jet da ya haura shekara 40 yana aiki, Amurka kuma ta amince a 2022 da sayar da masu saukar ungulu AH-1Z guda 12 kan kusan dala biliyan ɗaya. In aka haɗa da na Sin da Pakistan da Rasha da Birazil, garejin ya sake cika da mota iri-iri, kamar a 1984. Idan 'yan majalisa suka zauna kan kasafin tsaro, layukan da zan so su tsaya a kai su ne na kayan gyara na shekara goma masu zuwa, da man horo, da albashin makanikin da kamfanonin jiragen fasinja ke zawarci, da kuɗin horar da jami'an da za su zauna tare da sojan ƙasa a Zurmi ko Marte, su ga wuri da idonsu kafin su ce wa matuƙi ya saki.